Tsakanin Mumbari da Dandali: Yadda Italiya Ta Rera Labaran Addini a Zamanin Barok

Wata 'yar'uwa da ke rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu ta rubuto cewa ta saurari wata tsohuwar waƙar Italiya da aka ce mata sunanta oratoriyo, ta ji muryoyi suna mayar wa juna magana kamar a wasan kwaikwayo, ga mai ba da labari, ga mai kuka, ga 'yan amshi, amma kuma aka gaya mata a ɗakin addu'a ake rera irinta. Tana so ta san ko opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da kiɗa daga farko har ƙarshe, kawai aka sauya wa labari, kuma ko mawaƙan suna saka sutura su yi motsi a kan dandali, ko kuwa tsayawa suke yi kurum su rera.

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓo ainihin abin da masana wannan fanni suka daɗe suna tattaunawa, kuma dalilin da ya sa amsar take rikitar da mutane shi ne abubuwa uku ne mabambanta ake haɗawa a ƙarƙashin suna guda. Akwai wasan addini da ake yi a kan dandali da sutura da rawa da zanen bango, wanda a tsarinsa opera ne sosai. Akwai oratoriyo na ainihi, wanda ake rerawa ba tare da kwaikwayo ba, mawaƙa na tsaye ko na zaune da takardunsu a hannu. Sannan akwai wani nau'i na tsaka-tsaki da ya bunƙasa a fadar Viyana a hannun mawaƙan Italiya. Dukkansu sun taso ne tsakanin shekarar 1600 da wajen 1750, zamanin da ake kira barok, kuma dukkansu da kayan aiki iri ɗaya aka gina su. Abin da ya raba su shi ne wurin da ake yin su, da lokacin shekara, da kuma abin da ake so mai sauraro ya koma gida da shi.

Kalmar oratoriyo kanta asalinta sunan ɗaki ne. A Latin da Italiyanci tana nufin wurin addu'a, kuma ta samu sabuwar ma'ana ta hanyar wani limamin Katolika mai suna Filippo Neri, wanda aka haifa a Firenze a 1515, ya yi rayuwarsa a birnin Rum har ya rasu a 1595. Tun a shekarun 1550 yake tara maza a wani ɗaki da ke cocin San Girolamo della Carità, a karanta littafi, a yi gajeren wa'azi da harshen da talaka ke ji, a yi addu'a, sannan a rera waƙoƙin yabo masu sauƙi da ake kira lawuda. Zamanin Majalisar Tarento ne, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, lokacin da Cocin Katolika ke neman hanyar riƙe zukatan mabiyanta bayan ɓallewar Furotesta, kuma Neri ya fahimci cewa mutumin da ya zo don daɗin murya zai zauna ya ji wa'azi. A 1575 Fafaroma Gregory na 13 ya amince da ƙungiyarsa, ya ba ta cocin Santa Maria in Vallicella. Da yake taron ba ya cikin Mas, wato babbar ibadar Cocin Katolika, babu dokar da ta ɗaure shi da Latin ko da nassosin da aka ƙayyade, kuma wannan 'yancin ne ya ba waƙar damar girma. Wasu daga cikin lawuda ɗin tattaunawa ne tsakanin Rai da Almasihu, ko tsakanin mai zunubi da mala'ika, to daga tattaunawa zuwa labari mai 'yan wasa tafiyar ba ta da nisa. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 17 aka fara kiran waƙar da sunan ɗakin da ake rera ta.

A ɗakin addu'ar wannan coci ne, a watan Fabrairun 1600, aka yi wasan da Emilio de' Cavalieri ya yi wa kiɗa, Rappresentatione di Anima, et di Corpo, wato wasan Rai da Jiki, wanda Agostino Manni, ɗaya daga cikin limaman ƙungiyar Neri, ya tsara baitocinsa. Littattafai da yawa suna kiransa oratoriyo na farko, ni kuwa ban yarda da wannan laƙabi ba, domin an yi shi da sutura da motsi, kuma gabatarwar littafin da aka buga a shekarar ta bayyana dalla-dalla yadda ake so a shirya shi: a ɓoye makaɗa a bayan labule, kada zauren ya wuce mai ɗaukar mutum dubu don a ji kalmomi sarai, kuma ana iya rufewa da rawa. 'Yan wasan siffofi ne da aka ba su baki: Rai, Jiki, Lokaci, Hankali, Shawara, Jin Daɗi, Duniya, Mala'ika Mai Tsaro, da rayukan 'yan wuta da na 'yan aljanna. Duniya da Rayuwar Duniya suna fitowa cikin tufafi masu ƙyalli, sai a tuɓe musu a gaban jama'a a ga muni da siffar mutuwa a ƙarƙashi. An yi wannan wasa watanni takwas kafin Euridice ta Jacopo Peri, wadda aka nuna a Firenze a watan Oktoba na shekarar, kuma ita ce opera mafi tsufa da kiɗanta ya iso gare mu cikakke. Kin ga ke nan wasan addini da opera tagwaye ne, ba ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

Abin da tagwayen suka yi tarayya a kai sabon salon rera ne, kuma sai an fahimce shi kafin a gane sauran bayanin. Kafin 1600 waƙar coci ta manyan gwanaye irin su Palestrina muryoyi huɗu ko biyar ko shida ne suke saƙe da juna, kowace da hanyarta, abin da ke da kyau ƙwarai a kunne amma yake sa kalmomi su nutse. Sabon salon ya fitar da murya guda gaba, ta riƙa bin tashi da saukar magana kamar mai zance cikin tsananin motsin rai, a ƙarƙashinta kuma akwai layin kiɗa mai kauri da ba ya yankewa, wanda ake kira baso kwantinuwo. Masu kaɗa shi su ne ogan, da hafsikod mai kama da piyano, da wani babban molo mai dogon wuya da ake kira tiyoba, wani lokaci da babban goge. Marubucin kiɗan yakan rubuta sautin ƙasa kawai da 'yan lambobi a kansa, makaɗin ne zai cike sauran da basirarsa yana bin numfashin mawaƙi. Wannan rera mai kama da magana ita ce resitatibo, kuma da ita ake tura labari gaba. Idan aka zo wurin da zuciya ta cika, sai labarin ya dakata a shiga ariya, waƙa mai karin murya da maimaici, inda mutum guda ke juya baƙin cikinsa ko murnarsa ta kowace fuska.

Reshen da ya ci gaba da zama a kan dandali ya kai ƙololuwa a gidan Barberini, dangin Fafaroma Urban na 8. A farkon shekarun 1630 suka sa aka nuna Il Sant'Alessio na Stefano Landi, wanda aka buga a 1634, kuma wanda ya rubuta baitocin shi ne Giulio Rospigliosi, mutumin da daga baya, a 1667, ya zama Fafaroma Clement na 9. Labarin waliyyi ne ɗan babban gida a Rum wanda ya bar amaryarsa a daren aure ya tafi yawon ibada, ya dawo a matsayin almajiri ya zauna shekara 17 a ƙarƙashin matakalar gidan mahaifinsa, yana jin kukan uwarsa da matarsa a kansa, bai bayyana kansa ba har ya mutu. A cikin wasan akwai Shaiɗan mai kakkaurar murya, akwai yaran gida biyu masu ban dariya da ke tsokanar almajirin, akwai raye-raye da na'urorin sauya dandali. Da yake ba a barin mata su hau dandali a Rum, maza ne suka ɗauki matsayin mata, musamman kastarato, wato mazan da aka dandaƙe tun suna yara don muryarsu ta ci gaba da zama siririya. Wannan zalunci ne da ke ƙarƙashin kiɗan zamanin kusan gaba ɗaya, kuma ba na son a yaba kyawun waƙoƙin a manta da yaran da aka yi wa haka.

Yanzu ga reshen da na fi ƙauna, wanda kuma shi ne amsar rabin tambayarki na biyu. A kusa da cocin San Marcello akwai ɗakin addu'a na Santissimo Crocifisso, na wata ƙungiyar manyan mutanen Rum, inda a ranakun Juma'a na azumin kwana arba'in kafin Ista ake rera labaran Littafi Mai Tsarki da Latin, a sa wa'azi a tsakiya. Gwanin wannan salo shi ne Giacomo Carissimi, wanda ya rayu daga 1605 zuwa 1674, ya shugabanci kiɗa a cocin Sant'Apollinare na Kwalejin Jamusawa ta limaman Jesuwit tun daga 1629 har ƙarshen ransa. Ya yi waƙa a kan Annabi Yunusa, da shari'ar Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu masu jayayya kan jariri, da liyafar Sarki Belshazza, amma wadda ta fi shahara ita ce Jephte, wadda ta riga ta yi suna kafin 1650, shekarar da malamin nan Athanasius Kircher ya buga wani yanki nata a littafinsa na ilimin kiɗa a matsayin misalin yadda sauti ke motsa zuciya.

Labarin daga sura ta 11 ta Littafin Mahukunta yake. Yefta zai fita yaƙi da Ammonawa, sai ya yi wa Ubangiji wa'adi cewa idan ya yi nasara zai miƙa hadaya da duk abin da ya fara fitowa daga ƙofar gidansa ya tarye shi, aka kuwa yi nasara, sai ga 'yarsa tilo ta fito da ganguna da rawa. Babu dandali, babu sutura, babu ko goge ɗaya banda kwantinuwo, muryoyi shida ne kawai, kuma duka waƙar ba ta kai rabin awa ba. To da me Carissimi ya maye gurbin abin da ido zai gani? Da farko akwai mai ba da labari, wanda ake kira historikus, kuma bai ba murya guda wannan aiki ba, yakan ɗauke shi daga wannan ya ba wancan, wani lokaci ya ba mutum biyu ko uku tare, har mai sauraro ya ji kamar al'umma ce take ba da labarin kanta. A wurin yaƙi muryoyin suna bin juna da gajerun kalmomi masu sauri, ki ji gudu da faɗuwa. Waƙar 'yar tana fitowa da haske da tsalle, sannan a daidai inda uban ya gan ta sai kiɗan ya juya zuwa duhu ba tare da wani shiri ba, kuma wannan juyin shi ne ya tsaya a madadin fuskar uban da ba za ki gani ba. Yarinyar ta roƙi wata biyu ta je kan duwatsu ta yi makokin ƙuruciyarta, a can take kiran tuddai su taya ta kuka, wasu muryoyi biyu kuma suna maimaita ƙarshen kalmominta kamar amsa-kuwwa, da wannan kaɗai Carissimi ya gina mana dutse da kwari da kaɗaici. Daga nan duka muryoyi shida su ɗauki kukan, sautin ƙasa yana gangarowa a hankali, na sama suna gogayya da juna suna jinkirin rabuwa, har sai kunne ya ƙosa da neman sauƙi. Na sha koyar da ɗalibai wannan amshi, kuma abin da nake gaya musu kullum shi ne kada su yi gaggawar tsere wa wuraren da sautuka suka yi karo, domin a nan ne ciwon yake. Handel da kansa, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya ari wannan amshi ya sa a cikin oratoriyonsa Samson, kusan shekara ɗari bayan haka. Abin takaici, rubutun hannun Carissimi da kwalejin ta killace ya ɓace bayan da aka rushe ƙungiyar Jesuwit a 1773, da kwafin da wasu suka yi suka kai ƙasashen waje muke amfani a yau.

Oratoriyo na harshen Italiyanci shi ne ya fi yaɗuwa, kuma shi ne ya riƙa matsawa kusa da opera shekara bayan shekara. Tsarinsa ya zauna a kan kashi biyu da wa'azi a tsakani, kuma a gidajen attajirai ana maye gurbin wa'azin da abin sha da ɗan abin taɓawa. A hankali aka yar da mai ba da labari, 'yan amshi suka ragu, ariya ta mamaye fili, musamman mai komawa farko, inda ake rera kashi na ɗaya, a wuce na biyu, a dawo na ɗaya mawaƙi yana ƙawata shi da adon murya na kansa. Misali mafi ƙarfi daga tsakiyar wannan sauyi shi ne San Giovanni Battista na Alessandro Stradella, kan kisan Yahaya Mai Baftisma, wanda aka rera a 1675, Shekara Mai Tsarki ta Cocin Katolika da masu ziyarar ibada ke tururuwa zuwa Rum, don ƙungiyar mutanen Firenze mazauna Rum. Stradella ya raba makaɗansa gida biyu, ƙaramin rukuni da babba, suna amsa wa juna, dabarar da Corelli, gwanin goge kuma mai tsara kiɗa a Rum, ya shahara da ita daga baya. Ƙarshen waƙar abin mamaki ne: 'yar Hirudiya tana murna, Sarki Hirudus yana cikin azabar nadama, suna rerawa tare, kowanne yana tambayar dalilin abin da yake ji, sai kiɗan ya tsaya a kan sautin da bai sauka gida ba, tambayar tana rataye. Wanda ke cewa oratoriyo ba shi da wasan kwaikwayo a cikinsa ya saurari wannan wuri. Shi Stradella an soke shi da wuƙa a Jenowa a 1682.

Akwai kuma dalili na zahiri da ya sa nau'in ya yi kasuwa, wanda bai kamata a ɓoye ba. A lokacin azumi gidajen opera a rufe suke, a Rum kuwa wasu Fafaromomi sun hana opera ta jama'a ɗungurungum: Innocent na 12 ya sa an rushe gidan wasan Tordinona a 1697, bayan girgizar ƙasar 1703 kuma aka ƙara tsaurara hani na wasu shekaru. Mawaƙa suna nan, masu kuɗi suna nan, sha'awa tana nan, sai duka suka kwarara cikin oratoriyo. Alessandro Scarlatti ya rubuta da dama a wannan zamani, cikinsu har da na 1707 kan kisan kai na farko a duniya, labarin 'ya'yan Adamu biyu, inda har Muryar Allah da ta Iblis suke da nasu ariya. A ranar Ista ta 1708 Handel, Bajamushe ɗan shekara 23 da ya zo koyon salon Italiya, ya gabatar da La Resurrezione a fadar Ruspoli, aka gina dandali na musamman da babban zane a bayansa, Corelli na jagorantar makaɗa kimanin arba'in. Mace ce, Margherita Durastanti, ta rera matsayin Maryamu Magadaliya a daren farko, sai gargaɗi ya zo daga Fafaroma, aka sauya ta da kastarato. A irin wannan wuri zargin da kika yi yana da gaskiya a cikinsa, domin an ƙawata ido da komai, kwaikwayon kaɗai aka rage.

A Venis lamarin ya ɗauki wata siffa. Birnin yana da gidaje huɗu na marayu da marasa galihu da ke koyar da 'yan mata kiɗa, suna rerawa daga bene a bayan raga, jama'a na ji ba sa ganin fuskokinsu sosai. Don ɗaya daga cikinsu, Pietà, Antonio Vivaldi ya rubuta Juditha triumphans a 1716, da Latin, kan labarin Judit da ta sare kan janar Holofanis ta ceci garinta, labarin da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika amma ba ya cikin na yawancin Furotesta. Mata ne suka rera duka matsayi, har da na janar ɗin da sojojinsa, Vivaldi kuma ya ba kusan kowace ariya launinta ta hanyar kayan kiɗa dabam-dabam da 'yan matan suka ƙware a kai, daga mandolin, wani ƙaramin molo, zuwa biyola damore, wani irin goge. Waƙar siyasa ce a rigar addini, domin a shekarar ne Venis ta kare tsibirin Korfu daga farmakin Daular Usmaniyya, kuma marubucin baitocin ya fayyace cewa Judit ita ce Venis, Holofanis kuma Sarkin Turkawa. Gara mai sauraro ya san wannan kafin ya saurara.

Nau'i na uku da na ambata tun farko shi ne sefolkoro, wato kabari. A Viyana, a zamanin Sarki Leopold na 1 wanda ya yi mulki daga 1658 zuwa 1705 kuma shi kansa yake tsara kiɗa, harshen waƙar fada Italiyanci ne. A ranar Alhamis da Juma'a na makon da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu, ana kafa siffar kabarinsa a ɗakin sujadar fada, a rataya zane a baya, mawaƙa su sa sutura su yi ɗan kwaikwayo a gabansa, suna makoki ko suna muhawara kan ma'anar mutuwar. Kashi ɗaya ne tak, kuma Antonio Draghi da marubuci Nicolò Minato ne suka fi yawan aiki a cikinsa. A wannan fada ce daga baya Pietro Metastasio ya rubuta baitocin oratoriyo da aka riƙa yi musu sabon kiɗa har ƙarshen ƙarni: Antonio Caldara ya fara yi wa na shan wuyar Yesu kiɗa a 1730, Mozart kuma yana ɗan shekara 15 ya yi wa Betulia liberata nasa a 1771.

Idan za ki fara saurare, shawarata ita ce ki fara da Jephte, ki karanta sura ta 11 ta Littafin Mahukunta tukuna don kada Latin ya tsaya tsakaninki da labarin, sannan ki wuce zuwa Stradella, ki bar Handel da Vivaldi zuwa ƙarshe, ta haka za ki ji da kunnenki yadda 'yan amshi ke janyewa ariya tana cin fili. Tunda kuma kina cikin ƙungiyar mawaƙa, ki sani amshin ƙarshe na Jephte bai fi ƙarfin ƙungiyar da ta saba rera muryoyi huɗu ba, in dai za ku iya raba matanku gida uku, ku bar alto da teno da bas yadda suke, ku samu mai ogan da zai riƙe muku sautin ƙasa a hankali ba tare da ya danne muryoyin ba.